Layi Shida da Makulli Ya Ƙi Rubutawa

Makulli ake ce masa a ofis, har matarsa ma in raha ta motsa mata haka take kiransa. Sunan ya samo asali ne wata shekara da zazzaɓi ya kwantar da shi kwana tara, aikin kamfani ya tsaya cak. Manaja ya zo dubiya, ledar lemo a hannu ɗaya, kwamfuta a hammata, ya tsaya bakin gado ya ce, "Sannu da jiki. Ka kwanta da makullin gidan a aljihu, mu duk muna waje." Daga kan gadon ya haɗa musu aikin, gumi na ɗiga a kan madannai. Shi ya warke, sunan bai warke ba.

Kamfanin ƙarami ne, ɗaki uku a saman wani shagon tayoyi, mutum bakwai, sai warin roba da ke hawowa ta taga in rana ta take. Abu guda suke yi: manhajar da ke karɓar sakamako daga injinan awon jini a ƙananan asibitoci, ta zuba shi a takardar da ake miƙa wa likita. Sauran ma'aikata su ke rubuta manhajar. Nasa aikin shi ne na ƙarshe, wanda ba a gani. Shi ke ɗaukar abin da suka rubuta ya haɗa shi ya zama abin da kwamfutar asibiti za ta iya gudanarwa.

Ma'aikata biyu ne a cikin kwamfuta ke wannan haɗi. Na farko kwamfaila, mai juya rubutun mutum zuwa yaren inji. Na biyu linka, mai ɗinke guntayen da aka juya, ya haɗa su da kayan aro da ake kira laburare, wato ayyukan da wasu suka riga suka rubuta aka ajiye don kowa ya ɗauka. Su biyun nan ƙarfi gare su kamar jakin ɗaukar kaya, sai dai ba su san hanya ba. Dole ka faɗa musu: kaza yana wuri kaza, ɗauko wannan ka bar wancan, wannan ya riga wancan shiga. Waɗannan 'yan gajerun umarni su ake ce wa fulag. Makulli yana da guda arba'in da ɗaya, kuma duk a kansa suke. Layi guda ne dogo da ke naɗewa sau biyar a allon kwamfuta, yakan buga shi ba tare da ya dubi yatsunsa ba. Da ya gama sai ya share tarihin abin da ya buga. Ba wanda ya taɓa yi masa magana a kai. Waɗanda suka lura sun ɗauka tsabta ce.

Ba tsabta ba ce, gado ne.

Mahaifinsa mai tsaron sito ne a wata masaƙa, shekara ashirin da shida. Ko wuta ta ɗauke yakan shiga cikin duhun siton ya fito da bel ɗin da ake nema, ko noti mai lamba kaza, bai yi tuntuɓe ba. Wata rana aka kawo sabon shugaba, ya ce masa, "Irin wannan ilimi bai kamata ya zauna a kan mutum ɗaya ba, rubuta mana." Tsohon ya ji daɗi ƙwarai. Wata biyu ya yi da gwangwanin jan fenti yana rubuta wa kowace kanta sunan abin da ke kanta, har ya kai ɗansa ya gani, yana nuna masa harafi ɗaya-ɗaya yana murmushi. A wata na uku aka kira shi ofis aka ce, "Ka je gida ka huta, za mu neme ka." Ba a neme shi ba. Ya ƙarasa rayuwarsa a ƙofar gida yana gyaran fitilun maƙwabta, kuma in zancen aiki ya taso magana ɗaya yake maimaitawa: "Ɗana, in ka san inda abu yake, bar shi a cikinka. Ni da hannuna na rubuta takardar sallamata, da jan fenti."

Makulli bai yi karatu mai nisa ba. A shagon buga takardu ya fara, daga nan ya koyi kwance kwamfuta da mayar da ita, daga nan ya faɗa karatun littattafan da masu kawo gyara ke mantawa a shagon. Yana da shekara talatin da bakwai manaja ya ɗauke shi. Yanzu hamsin da ɗaya gare shi, da 'ya'ya huɗu, biyu a jami'a. Ba shi da takardar shaidar da zai nuna a wani wuri. Kujerar nan ta kusa da taga, mai ƙafa ɗaya da aka ɗaure da waya, ita ce abin da ya mallaka a duniyar aiki, kuma ya san abin da ke riƙe masa ita.

A cikin fulag arba'in da ɗayan nan, uku ne asirinsa na gaske. Shekara goma sha ɗaya da suka wuce asibitoci suka riƙa kuka cewa lambobi na fitowa guntaye. Makulli ya tafi ɗakin awon wani asibiti, wurin wani ma'aikaci da ake ce wa Mai Allura, ya zauna la'asar uku a jere yana kallon injin. Sai ya gane: tsohon injin in'ina yake yi. In ɗaki ya yi zafi, yana cikin turo lamba ta kebur sai ya ɗan sarƙe, kamar ƙiftawar ido biyu, sannan ya ƙarasa. Shi kuwa laburaren da ke sauraron kebur ɗin, na kowa da kowa ne, da ya ji shiru sai ya ɗauka magana ta ƙare, ya rufe kunne. Makulli ya kwafi laburaren, ya koya masa haƙuri, ya sa shi jira har injin ya turo alamar kammalawa. Ya ajiye gyararren a wata folda da ya sa wa suna "tsofaffin kaya" a kwamfutar haɗi, da sunansa na asali, bai canza ba. Na kowa da kowa kuma ya cire shi daga kwamfutar. Fulag ukun nan su ke nuna wa linka hanyar foldar. Abin da manaja ya sani kawai shi ne Makulli ya je ya gyara. Asibiti goma sha biyu ke da irin wannan inji.

A haka aka tafi har bana, da aka ɗauki Injiniya. Mace ce mai kimanin shekara talatin da biyar, uwar 'ya'ya biyu, daga wani babban kamfani ta zo don ta kasance kusa da mahaifiyarta. Da ma a ce mai girman kai ce, da abin ya zo masa da sauƙi. Amma kullum da safe sai ta zuba masa shayi daga filas ɗinta kafin ta zuba nata, kuma Baba take ce masa.

Ranar da ta fara ganin yana buga dogon layinsa ta tsaya bayansa, hannu a haɓa.

"Baba, duk wannan a ka?"

"A ina kike so ya zauna, a ƙafa?"

"To in mota ta buge ka fa?"

"Bakinki ya sari ɗanyen kashi! Da safen nan?"

Ta yi dariya har tana dafa tebur. "Allah ya ba ka haƙuri, Allah ya ja kwana. Amma Baba, duniya ta daina wannan wahala. Akwai 'yar manhaja da ke yi. Kowane laburare yana zuwa da ɗan fayil, layi biyar ko shida: sunansa, zubinsa na nawa ne, inda yake zaune, da fulag ɗin da yake buƙata. Ita kuma sai ta bi ta karanta ta miƙa wa kwamfaila da linka. Kamar dai a shiga sito a rubuta wa kowace kanta abin da ke kanta, kowa ya shigo ya gani."

Ba ta san abin da ta taka ba. Makulli ya ajiye kofin shayin a hankali, ya ce, "Madalla."

Manaja ya amince nan take. 'Yan ofis suka sa wa manhajar suna Jagora. Mako biyu Injiniya ta yi tana warware layin Makulli daga abin da ta iya tsinta, tana mayar da kowane laburare hannun Jagora. Ranar Laraba ta jawo kujera ta zauna kusa da shi da takarda da biro.

"Baba, saura tambaya ɗaya. Akwai wani laburare namu na gida, wanda aka taɓa ko aka yi wa gyara, da ba irin na kowa ba? Jagora ba ya ganin abin da ba shi da fayil. Faɗa mini in rubuta masa, layi shida ne kawai."

Makulli ya dubi taga. A ƙasa ana ta dukan taya da guduma.

"Babu abin da na tuna," in ji shi.

Ba mugunta ya nufa ba, ko kuwa haka ya riƙa gaya wa kansa. Lissafinsa mai sauƙi ne. Laburaren kebur na kowa da kowa ba ya cikin kwamfutar haɗi, shi da kansa ya cire shi. Gyararren kuma ba shi da fayil. Ke nan Jagora zai lalaba ya ce bai samu ba, haɗi ya tsaya, allo ya yi ja. Sai kowa ya juyo, manaja ya ce, "Makulli, taimaka." Shi kuma ya miƙe a hankali, ya buga fulag uku, allo ya yi kore. Rana ɗaya kawai yake so. Rana ɗaya da za su tuna da tsohuwar zuma ake magani.

Abin da bai sani ba shi ne, ranar Litinin da ya je cire haƙori, Injiniya ta sabunta kwamfutar haɗi gaba ɗaya, kuma cikin kayan da suka shigo har da laburaren kebur na kowa da kowa, da ɗan fayil ɗinsa tsaf.

Ranar Alhamis da hantsi aka taru bayan kujerarta. Makulli ya zauna a tasa yana ɓare lemo, yana jiran ja. Rubutu ya yi ta gudu a allo. Jagora ya nemi laburaren kebur, ya samu. Linka ya duba, suna ɗaya, ƙofofi ɗaya, bai ga abin ƙorafi ba, ya ɗinke. Aka yi gwaje-gwaje, duk suka wuce, don injin wasa da ake gwaji da shi a ofis bai taɓa in'ina ba. Allo ya yi kore daga sama har ƙasa.

Nan take Makulli ya gane na kowa da kowa aka ɗinke, ba gyararrensa ba. Ya buɗe baki. A daidai lokacin manaja ya dafa kafaɗarsa, fuska cike da fara'a, ya ce, "Makulli, yau dai an yanka maka sifiya, makulli ya zama biyu!"

Ofis ya ɗauki dariya. Shi ma ya yi, irin wadda ba ta wuce haƙori. Maganar da ta zo bakinsa ta koma ciki tare da ɓarin lemo. Ranar Juma'a aka tura sabuwar manhaja asibiti goma sha biyu.

Ya yi ta ba kansa haƙuri. Shekara goma sha ɗaya ba kwana ɗaya ba ce, wataƙila masu laburaren sun gyara nasu. Wataƙila asibitocin sun canza inji. Kuma ai sai da zafi injin ke sarƙewa, ga shi kwanan nan hadari ake yi. Asabar ya wuni yana fita tsakar gida yana ɗaga kai. Lahadi ma haka.

Matarsa malamar firamare ce, shekara ashirin da huɗu suna tare, ta san tarinsa na mura da tarinsa na damuwa. Tana zaune a inuwa tana duba littattafan 'yan ajinta, ba ta ɗago ba ta ce, "Baban yara, gona ka saya ban sani ba?"

"Wace irin gona?"

"Na ga tun jiya kake leƙen sama kamar mai shuka a ƙasa."

Ya zauna bakin dakali. Ya daɗe yana murza yatsun ƙafarsa, sannan ya ce, "In mutum ya san akwai rami a hanya, amma ba shi ya haƙa ba..."

"Ya rufe shi da tabarma ne, ko ya bar shi a buɗe?"

Ta rufe jan bironta ta ajiye. Nan ya gaya mata komai, da injin, da foldar, da tambayar ranar Laraba. Ba ta fahimci linka ba, amma ta fahimci sauran.

"Lambar me injin ke turowa?"

"Jini. Suga, ƙoda, hanta."

"Na mutane."

"Na mutane."

"To me kake jira?"

"Kin san abin da zai biyo baya. In na faɗa, na faɗa cewa na sani na yi shiru. Wa zai riƙe irin wannan ma'aikaci? Kuma da shekaruna, ba takarda, ina zan nufa? Kin manta da Babana?"

"Ban manta ba, ni na riƙa kai masa ruwan wanka har ya rasu." Ta ɗauki littafi na gaba ta buɗe. "An cuci Baba, gaskiya ne. Amma ya tafi ba haƙƙin kowa a wuyansa. Ban san ko wannan ɓangaren ya gaya maka ba."

Litinin gari ya waye tas, ba ko ƙyallin gajimare. Ya je ofis, ya sha shayin Injiniya, ya zauna ba aikin yi, don yanzu kowa na iya danna maɓalli ɗaya ya haɗa manhaja. Sau biyu ya miƙe ya nufi ƙofar manaja, sau biyu ya zarce banɗaki. Talata rana ta fi ta jiya. Da azahar kwalta ta fara laushi a gaban shagon tayoyi, ya ce zai je a duba masa wurin haƙori, ya hau mota ya nufi asibitin Mai Allura.

Ɗakin awon yana nan yadda ya san shi: firiji mai gurnani, kwalabe jere a katako, fanka ɗaya da ke juyawa kamar an roƙe ta. Tsohon injin na kusurwa, an ɗora masa jiƙaƙƙen tawul a ka. Mai Allura ya yi furfura, ya ƙara tumbi, amma bakinsa na nan.

"A'a! Yau wace rana? Makulli da kansa! Ko jinin ne ya ƙare ka zo a ƙara maka?"

"Ina fa, kai da ke zuƙe na mutane. Har yanzu wannan tsohon bai mutu ba?"

"Wa zai saya mana sabo? Ni da shi za mu yi ritaya rana ɗaya."

Makulli ya goge gumi. "Siririyar takardar nan da yake fitarwa ta gefe, kana ajiyewa?"

"Tana cikin kwali. Rabon da in dube ta tun zuwanka na wancan karo. Me zan duba? Naku bai taɓa ƙarya ba."

"Ɗauko ta. Daga Juma'a zuwa yau. Ka ɗauko da kwafin sakamakon da kuka ba likitoci."

Mai Allura ya dube shi, wasan ya bar fuskarsa. Ya jawo kwalin.

Suka baje a kan tebur, ɗaya na karanta lambar inji, ɗaya na bin ta takarda da yatsa. Juma'a daidai. Asabar daidai. Makulli ya fara jin numfashinsa na dawowa. Litinin da safe daidai. Litinin ƙarfe biyu da kwata, wata lamba ta rasa wutsiyarta ta bayan ɗigo, ba ta canza komai ba. Ƙarfe uku saura, wata ma haka. Sai ƙarfe uku da minti goma.

"Awon ƙoda," in ji Mai Allura. "Ɗari bakwai da tamanin."

Yatsan Makulli ya tsaya. A takardar da aka ba likita, saba'in da takwas aka rubuta.

"Karanta mana."

"Saba'in da takwas."

Mai Allura ya fizge takardar ya kai ta kusa da ido. "Inna lillahi. Saba'in da takwas lambar mai lafiya ce. Ɗari bakwai da tamanin kuwa gado ake ba mutum, a ranar." Ya duba suna da shekaru. "Na tuna ta. Wata dattijuwa ce, ƙafafunta sun kumbura har takalmi ba ya shiga, ta ce in yi a hankali jijiyarta na gudu. An sallame ta jiya." Ya juyo. "Makulli, injina ne, ko sabon abin da kuka turo?"

Ga ƙofofi biyu a buɗe. In ya ce injin ne, tsoho ne, kowa zai yarda. In ya ce sabon tsari ne, gaskiya ne ma, kuma sunan Injiniya ke kan aikin, shi sai ya zama wanda ya gano, a koma ana cewa da tsohuwar zuma. Ranar da yake so ce ta zo da ƙafarta, har ta fi yadda ya roƙa. Fanka ta juya sau uku.

"Ba injinka ba ne," ya ce. "Ba Injiniyarmu ba ce kuma. Ni ne. An tambaye ni na ce ban tuna ba."

Daga barandar asibitin ya kira manaja ya ce a buga wa duk sha biyun, su daina amfani da takardar manhaja, su koma karanta lambar inji da ido, su kuma bi na kwana biyar baya ɗaya bayan ɗaya. Mai Allura ya riga ya ruga wurin likita. Lambar wayar da dattijuwar ta bari a kashe take.

La'asar sakaliya ya isa ofis. Ba wanda ya yi masa sannu. Ya tsaya gaban teburin Injiniya, a tsaye, gaban kowa, ya faɗi abin da ya faɗa wa matarsa, bai rage ba. Ta saurara har ƙarshe, hannayenta biyu a kan cinya.

"Na tambaye ka," ta ce a hankali. "Na jawo kujera na zauna kusa da kai. Da bakina na tambaye ka."

"Kin tambaya."

"Kwana biyar sunana na kan wannan abu, ina barci ina tashi ban sani ba." Ta juyo da madannai wajensa. "Zauna, Malam. Rubuta."

Malam. Ya ji kalmar ta wuce ta inda Baba ke zama. Ya zauna a kujerarta, ya buɗe sabon fayil a cikin "tsofaffin kaya". Layi na farko suna. Na biyu bayani, ya rubuta: laburaren kebur mai jiran inji ya gama magana. Na uku lambar zubi. Na huɗu inda yake zaune. Na biyar abin da za a gaya wa kwamfaila, na shida abin da za a gaya wa linka. Minti huɗu. Yatsunsa ba su yi kuskure ko ɗaya ba. Asirin shekara goma sha ɗaya, ga shi bai cika tafin hannu ba.

Injiniya ta sa foldar a kan gaba cikin wuraren da Jagora ke dubawa, ta canza wa gyararren suna don kada a sake rikita shi da na kowa, sannan ta ce ya faɗa mata tsawon sarƙewar injin. Ya faɗa. Ta koya wa injin wasa in'ina. Aka gwada tsohon haɗin nan na ranar Alhamis, allo ya yi ja, jan da ya zauna yana jira da lemo a hannu. Aka gwada sabon, ya yi kore. Ba wanda ya tafa.

Manaja ya kira shi ciki ya rufe ƙofa. Ya daɗe yana juya biro. Shekara goma sha huɗu suna tare, shi ya kai masa lemo har gado.

"An samu mutum biyar a sauran asibitocin. Huɗu an same su a waya, suna hanya. Ɗayan, kuskuren bai canza masa komai ba." Ya numfasa. "Da ka zo mini tun ranar Alhamis, Makulli. Ko ranar Juma'a."

"Da na zo."

"Ka je gida ka huta. Za mu neme ka."

Makulli ya gyaɗa kai. Ya san wannan magana, tun yana shekara goma sha huɗu ya san ta. Ya ɗauki kofinsa da hularsa ta ruwan sama da carbin da ke rataye a jikin allo. Da ya zo wucewa Injiniya ba ta ɗago ba, tana rubuta wa asibitoci bayani.

Washegari da safe Mai Allura ya kira shi ya ce har yanzu wayar dattijuwar a kashe, masinjan asibiti ya je jiya da yamma ya dawo bai gane gidan ba. Abin da ke cikin katinta kawai shi ne: bayan gidan mai, kusa da injin niƙa. Makulli ya sa takalmi. Matarsa ta miƙa masa gorar ruwa.

Gidan mai uku ne a unguwar, kuma bayan kowanne akwai injin niƙa. Ya bi lungu-lungu, rana na dukan ƙeyarsa, yana tambayar masu shago da masu wanki ko sun san wata dattijuwa mai kumburin ƙafa. Wani ya nuna gabas, wani ya nuna yamma. Ba lamba a ƙofa, ba suna a bango. Wani mai faci ya ce, "Malam, a nan sai wanda ya sani ya sani." Makulli ya tsaya ya dube shi har mutumin ya tsargu.

Bayan azahar wata mai sayar da gawayi ta ce, "Ko Inna mai ɗinkin huluna? Ga ƙofarta can, mai labulen buhu."

Tana zaune a tabarma a ƙofar ɗaki, ƙafafunta biyu cikin roba da ruwa, hula rabin ɗinki a cinya, ba ta ɗinkawa. Fuskarta ma ta ɗan tasa. Ta amsa sallamarsa da murya ƙasa-ƙasa.

"Inna, daga wajen asibiti nake. Ana ta kiran wayarki."

"Wayar ta lalace, ɗana. Ai na je shekaranjiya. Likita ya ce ƙodata lafiya ƙalau, gajiya ce. Ga takardar can, na adana." Ta nuna ƙarƙashin matashi da haɓa.

"Takardar ce ta yi kuskure. Likita na jiranki yanzu. Akwai wanda zai raka ki?"

"'Yata na kasuwa." Ta ƙura masa ido. "Takarda kuma tana kuskure? Ba inji ke yi ba?"

"Inji ya faɗi daidai. Ba a jira ya gama ba ne."

"Kai likita ne?"

"A'a."

"Ma'aikacinsu ne?"

Makulli ya buɗe baki zai faɗi sunan aikinsa, sai ya tuna kofin da ke kan teburin gidansa. Ya durƙusa ya jawo mata silifas ɗinta, ya ga ba za su shiga ba, ya riƙe su a hannu.

"Ni ne dai wanda ya san inda kuskuren yake, Inna. Dafa kafaɗata."

Mai gawayi ta aika a kira 'yar, shi ya tsayar da mota. A asibiti aka karɓe ta da keken marasa lafiya, aka wuce da ita ciki da sauri. Likitan ya fito bayan wani lokaci ya ce kwana biyun da aka rasa ba ƙaramin abu ba ne, amma za a yi abin da za a iya, sai an ga yadda jikinta ya karɓa.

Makulli ya zauna a bencin baranda. Ta tagar ɗakin awo yana jin tsohon injin na aiki cikin zafin la'asar, ya yi ƙara, ya sarƙe, ya ƙarasa. Ya ciro wayarsa ya duba, ba kira daga ofis. Ya mayar da ita aljihu. Sai a lokacin ya lura silifas ɗin Inna na hannunsa har yanzu, ya ajiye su a gefensa a kan benci, ya daidaita su, ya ci gaba da jira.